Kwana nawa ake ba sabon kankare ruwa, kuma yaushe ake cire katako?

Tambaya: An zuba mana dekin bene shekaranjiya. Birkila ya ce a watsa masa ruwa safe da yamma na kwana uku ya wadatar, kafinta kuma ya matsa yana son kwashe katakonsa. Tun washegari na ga 'yan siraran tsagu a sama. Yaya ake kula da sabon kankare, kuma tsagun nan abin tsoro ne?

Malam, shawarar birkilan nan ta gaza ta fuska biyu: kwanakin sun yi kaɗan, salon ban-ruwan ma ba shi ne ba. Abin da sabon kankare yake so shi ne ya zauna a jiƙe dare da rana ba yankewa, na aƙalla kwana 7 idan siminti ne zalla, ko kwana 10 zuwa 14 idan simintin gauraye ne (wanda aka haɗa da wani gari kamar tokar kwal tun a masana'anta) ko kuma ana zafi da busasshiyar iska. Ruwan da aka watsa wa deki tsirara da ƙarfe bakwai na safe, kafin ƙarfe tara rana ta shanye shi. Daga nan har la'asar saman a bushe yake, wato a daidai lokacin da ya fi buƙatar kariya ne ba shi da ita. Jiƙewa da bushewa a jere kuwa su kansu suna sa fatar kankaren ta riƙa buɗewa tana tsukewa, har ta fitar da ƙananan tsagu masu sarƙe da juna.

Mutane da yawa sun ɗauka kankare irin tubalin laka ne, wanda rana ke busarwa ya yi ƙarfi. Ba haka ba ne. Siminti haɗuwa yake yi da ruwa su rikiɗe su zama wani abu dabam. Kowace ƙwayar siminti tana ciyuwa a hankali daga bayanta zuwa cikinta, tana fitar da wani danƙo mai sandarewa da ke cike guraben da ke tsakanin yashi da tsakuwa ya ɗaure su. Wannan aiki ba ya tafiya sai da ruwa, kuma makonni yake ɗauka, shi ya sa kankare ke kamawa ko a ƙarƙashin ruwa aka zuba shi. Da zarar danshin da ke cikin ƙananan ramukansa ya sauka ƙasa da kusan kashi 80 cikin 100, aikin kusan tsayawa yake yi. Simintin da bai samu ruwa ba sai ya zauna a ciki bai ɗaure komai ba, ka saya ka biya amma bai yi maka aiki ba. Kankaren da aka kula da shi yakan kai kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa a kwana 7, ya kai ƙarfin da injiniya ya yi lissafi da shi a kwana 28. Wanda aka bari a busasshiyar iska tun ranar farko yana iya tsayawa a kusan rabin abin da ya kamata ya kai.

Asarar ƙarfi ma ba ita ce ta fi damun masu sanin aikin ba. Rashin ban-ruwa bai cika taɓa tsakiyar kankare ba, domin can ciki danshi yana daɗewa. Abin da yake ɓatawa shi ne fatar waje, santimita 3 zuwa 5 na farko, kuma wannan fatar ce rigar rodi. A deki, tsakanin rodi da iska bai wuce milimita 20 zuwa 25 na kankare ba. Muddin wannan fata ta kama da kyau, ƙarfen yana zaune cikin sinadarin siminti mai hana tsatsa. Idan ta fito sako-sako mai ramuka, ruwa da gishiri da iskar kabon suna kutsawa a hankali, rodin ya fara tsatsa, tsatsar kuma ta fi ƙarfen da ta ci girma ninki-ninki, sai ta turo kankaren ya ɓare. Wannan ba ya bayyana a wata ɗaya. Bayan shekaru ne za ka ga ƙasan deki yana zubo da ɓaraguzai, rodi ya yi ja a fili, a lokacin kuwa ba mai tuna cewa kwana uku aka yi ana watsa ruwa.

Kula da kankare tun daga awar da aka zuba shi take farawa, ba washegari ba, kuma a nan ne tsagun da ka gani suka samo asali. Bayan an zuba an baje, tsakuwa da yashi suna ɗan nutsewa, wani ruwa ya taso sama ya yi ƙyalli. Idan iska da rana suna kwashe ruwan nan da sauri fiye da yadda yake tasowa, saman sai ya bushe ya tsuke alhali ƙasa tana nan da laushi. Kankaren bai yi ƙarfin da zai jure wannan ja ba, sai ya yage. Irin waɗannan tsagu sukan fito cikin 'yan awannin farko, a jere kusan gefe da gefe, da tazarar santimita 30 zuwa mita ɗaya a tsakaninsu, kuma ba su cika kaiwa bakin deki ba. Cibiyar Kankare ta Amurka, ACI, ta ɗauki asarar ruwa kilo ɗaya a kowace murabba'in mita cikin awa ɗaya a matsayin iyakar da dole a ɗauki mataki. Ka lissafa a deki mai mita 10 tsawo 10 faɗi: lita 100 ke nan na tashi sama a kowace awa. Abubuwa huɗu ke haɗuwa su kawo haka, zafin iska, zafin kankaren kansa, ƙarancin danshi a iska, da gudun iskar. Na ƙarshen nan shi aka fi rainawa. Ranar da babu zafi sosai amma busasshiyar iska na kaɗawa tana iya tsaga deki fiye da ranar zafi mai gumi da iska a kwance. Deki na sama kuma ya fi daɓen ƙasa shan iska.

Maganin wannan kafin a zuba ake shirya shi. A jiƙa katako da ƙasan da za a zuba a kai don kada su tsotse ruwan kwaɓin, amma kada a bar ruwa kwance. A rufe tsakuwa daga rana ko a yayyafa mata ruwa ta huce, tunda ita ce ta fi yawa a kwaɓi kuma zafinta ne ke bin kankaren. Idan da hali a zuba da yamma ko da dare, yadda awannin farko za su faɗa cikin sanyi. A kafa shingen buhu ko tamfol ta ɓangaren da iska ke zuwa. Duk ɓangaren da aka gama bajewa a rufe shi da leda nan take, kada a jira sai an kai ƙarshen deki, domin idan zubin ya ɗauki awa shida, inda aka fara ya riga ya sha rana awa shida. Idan akwai abin feshi mai fitar da ruwa siriri tamkar hazo, a fesa shi a iskar da ke saman dekin, ba a kan kankaren kai tsaye ba. In kuma tsagun sun fito tun kankaren na da laushi, a bi su da katakon lailaya a daddanna su rufe, sannan a rufe wurin.

Abubuwa biyu da leburori ke yi don sauƙin aiki suna lalata saman tun a wannan mataki. Na farko, ƙara ruwa a kwaɓi ko yayyafa shi a sama don cokali ya yi sulɓi. Na biyu, lailaye saman alhali ruwan da ya taso yana kwance, ko barbaɗa busasshen siminti don ya shanye shi. Duka suna barin wata siririyar fata mai rauni wadda daga baya take yin gari ko ta ɓaɓɓare. A jira ƙyallin ruwan ya ɗauke tukuna. Ruwan da ke cikin kwaɓi da ruwan ban-ruwa ba ɗaya ba ne: yawan na farko yana raunana kankare, na biyu kuwa ba ya yin yawa.

Akwai wata tsagar mai kama da wannan amma dalilinta dabam. Ita tana bin layin rodin sama daidai, har ka iya gane inda kowane ƙarfe yake. Kankaren ne ya nutse ya rataye a kan rodi ya karye a samansa. Yawan ruwa a kwaɓi, ƙarancin girgizawa da inji, da rodin da ya matso sama da yawa su ke kawo ta. Ta fi waccan muni domin ta buɗe hanya kai tsaye zuwa ƙarfe.

Ban-ruwa na sosai yana farawa ne da zarar saman ya kama yadda in ka danna yatsa ba ya lotsawa, ruwa kuma ba ya wanke siminti. Yawanci hakan na samuwa cikin awa huɗu zuwa takwas, gwargwadon yanayi da irin siminti. Wanda aka zuba da safe, da yammacin ranar ya kamata ya shiga ruwa.

Ga deki da duk wani shimfiɗaɗɗen wuri, tare ruwa a kai ya fi komai. Ana ɗaga ɗan bakin kwaɓi mai rauni, tsayin santimita 5, a kewaye dekin, a rarraba cikin gida-gida na kamar mita biyu-biyu don kada ruwan ya gangare gefe guda ya bar tudu a bushe. A toshe bakin bututun wayar lantarki da na ruwa, a cika da ruwa zurfin santimita 2 zuwa 3, a riƙa ƙarawa kafin ya ƙafe. Nauyin ba abin damuwa ba ne, santimita 3 na ruwa kilo 30 ne a murabba'in mita. Amma yawan ruwan abin lissafi ne: cika deki mai murabba'in mita 100 sau ɗaya zai ci lita 3,000, ban da ƙari na kullum. Wanda bai tanadi tanki ko durom-durom kafin ranar zubi ba, a kwana na biyu zai koma watsawa da bokiti. A kula kuma da sanyin ruwan. Ƙa'idar ita ce kada ya fi kankaren sanyi da sama da digiri 11 a ma'aunin Salshiyas. Kwarara ruwan rijiya mai sanyi a kan dekin da ya bushe ya ɗau zafin tsakar rana yana sa fatar ta tsuke farat ɗaya ta tsage. Dekin da ke cikin ruwa tun farko ba ya fuskantar wannan, tunda bai samu damar yin zafi ba.

Inda ruwa ya yi ƙaranci, sai buhu da leda. Buhun algarara yana riƙe ruwa da kyau. A wanke shi tas idan ya taɓa ɗaukar sukari ko taki, domin sukari ko kaɗan ne yana hana siminti kamawa, taki kuma yana cin kankare. A shimfiɗa ninki biyu, bakin wannan ya hau kan wancan, a jiƙa shi sharkaf. Haɗarinsa ɗaya ne: buhun da aka bari ya bushe juyawa yake yi ya riƙa tsotso ruwa daga cikin kankaren, ya zama gara babu shi. Shi ya sa ya fi kyau a ɗora leda a kan jiƙaƙƙen buhun, sai ban-ruwa sau ɗaya ko biyu a rana ya isa da gaske, domin ledar ta hana shi tashi. Buhun roba irin na saƙar leda ba ya riƙe ruwa, inuwa kawai yake bayarwa.

Leda ita kaɗai ma tana aiki, in an yi ta daidai. Kaurinta kada ya gaza milimita 0.1, bakuna su hau juna da santimita 30, a danne ko'ina da katako ko yashi ko bulo, har gefen dekin a naɗe shi. Ledar da aka yafa kawai iska na shiga ta ƙasa ta zama hanyar iska, ta busar da wurin fiye da da. A lokacin zafi fara ko mai haske ake so, baƙa tana tara zafi, ta fi dacewa da lokacin sanyi. Hanyar dubawa mai sauƙi ce: ɗaga gefe ɗaya, in ka ga raɓa a cikin ledar kuma kankaren ya yi duhu, lafiya lau, in ya yi fari-fari, a jiƙa a sake rufewa. Aibinta shi ne tana barin dabbare-dabbare a inda ta tattare, wanda ba komai ba ne ga dekin da za a sa wa tayil, amma yana ɓata daɓen da za a bari a fili. Kwaɓi mai ƙarfi sosai, wanda ruwansa bai kai kashi 40 cikin 100 na nauyin siminti ba, leda kaɗai ba ta ishe shi, domin simintin yana shanye ruwan cikinsa ƙaf ya nemi ƙari daga waje. Yashi mai tsabta kaurin santimita 5, a jiƙe kullum, shi ma yana yi. Garin katako kam a yi hattara da shi, na wasu itatuwan yana rina kankare ya kuma raunana samansa.

A manyan ayyuka irin titi da filin ajiye motoci, inda ba za a iya bin faɗin wurin da ruwa ba, ana fesa wani sinadari ne mai barin siririn rufi ya kulle danshin a ciki. Lita ɗaya tana rufe kusan murabba'in mita 5. Ana fesawa da zarar ƙyallin ruwa ya ɗauke amma saman na da danshi, sau biyu, na biyun ya gicciye na farko. Mai farin launi ya fi, yana mayar da hasken rana kuma yana nuna inda aka tsallake. Sai dai ba a fesa shi a kan rodi, ko inda za a ɗora wani sabon kankare, ko inda za a yi filasta ko tayil, sai in an tabbatar irin wanda ba ya hana kamawa ne ko kuma za a kankare shi daga baya. An sha ganin filasta ta saɓule daga jikin bango saboda wannan kuskure.

Ginshiƙai su ne marayun wurin gini. Kowa na kallon deki, ginshiƙin da ke ɗauke da shi kuwa a cire masa katako washegari a bar shi tsaye rana na dukansa ta fuska huɗu. Ruwan da aka watsa masa gangarewa yake yi nan take. Katakon kansa kariya ne, don haka barinsa kwana biyu ko uku ya fi gaggawar cirewa, ana jiƙa shi ana kuma zuba ruwa ta sama ya bi tsakanin katako da kankare. Ranar da aka cire, a cikin awar nan a naɗe ginshiƙin da jiƙaƙƙen buhu a ɗaure da igiya, a zagaye da leda. Haka bango da gefen bim. Kusurwoyi da bakuna sun fi ko'ina saurin bushewa tunda iska na cinsu ta gefe biyu.

Game da kwanaki, manyan ƙa'idojin gini sun yi kusa da juna. Ta Amurka ta ce kwana 7 a jiƙe kuma zafin kankaren bai sauka ƙasa da digiri 10 ba, ko kwana 3 idan siminti ne mai saurin ƙarfi. Ta Indiya, IS 456, ta ce kwana 7 ga siminti zalla, 10 ga wanda aka gauraya da tokar kwal ko dattin narka ƙarfe, ta kuma ƙara kwanakin zuwa 10 da 14 a yanayin zafi da bushewa. Simintin gauraye yana kamawa a hankali, don haka ya fi jin jiki idan aka yanke masa ruwa da wuri. Ka duba jikin buhu: CEM I shi ne zalla, CEM II zuwa sama gauraye ne. Ni dai a deki da ginshiƙi ba na ganin dalilin tsayawa ƙasa da kwana 10, tunda kuɗin ruwa da na mai ban-ruwa ba a bakin komai suke ba in aka kwatanta da na siminti da rodin da ke ciki. Idan kwanakin sun cika kuma, kada a yaye rufin da tsakar rana. A daina jiƙawa, a bar buhun ya bushe a kai kwana ɗaya ko biyu, kankaren ya saki ruwansa a hankali.

Yanzu batun kafinta. Katakon gefe, wanda ba ya ɗauke da nauyi, ana iya cire shi bayan kwana ɗaya zuwa biyu. Matokaran da ke ƙarƙashi kuwa wani zance ne. A yanayi mai ɗumi da siminti zalla, abin da aka saba bi shi ne kwana 7 ga dekin da faɗinsa tsakanin madogara bai wuce mita 4.5 ba, kwana 14 in ya wuce. Bim kuma kwana 14 har zuwa mita 6, kwana 21 in ya fi haka. Da simintin gauraye ko lokacin sanyi a ƙara. Baranda mai fitowa waje ba ginshiƙi a bakinta ita ce ta ƙarshe, kuma ba a taɓa ta sai da izinin injiniya. Cirewar ma da tsarinta: a deki da bim ana farawa daga tsakiya a nufi madogara, a baranda kuma daga bakin waje a shigo ciki, don nauyin ya sauka a hankali ta yadda aka tsara rodin ya ɗauka. Kankaren da aka ɗora wa nauyi yana ɗanye ba lallai ya faɗi ba, amma yakan lanƙwashe ya zauna a haka har abada. Idan za a zuba wani bene a sama, matokaran ƙasa su zauna ko a mayar da su, domin dekin mako biyu ba zai ɗauki nauyin jiƙaƙƙen kankaren wani dekin shi kaɗai ba.

Kada kowa ya taka dekin a kwana ɗaya zuwa biyun farko, sai mai ban-ruwa a kan katakon da aka shimfiɗa. Rodin ginshiƙai da ya leƙo sama kada a jijjiga shi ko a lanƙwasa shi a kwanakin nan, domin yana kwance kamun da ke tsakaninsa da kankaren a gindi. Sai kuma ɗabi'ar jibge bulo da yashi a tsakiyar sabon deki. Dekin gidan zama ana lissafa shi ne a kan kilo 150 zuwa 200 a murabba'in mita, bulon inci tara guda 100 kuwa ya haura tan biyu. In ya zama dole a hau da kaya, bayan mako guda ne, matokarai na nan, a rarraba su kaɗan-kaɗan a saitin bim da bango. Daɓen ƙasa kuma ƙaramar mota sai bayan kwana 7, babbar mota sai 28.

Ruwan sama abokin kankare ne bayan ya kama, amma maƙiyinsa ne a awanni biyu zuwa huɗun farko, lokacin da yake wanke siminti ya bar yashi da tsakuwa a fili. Tamfol ko leda su kasance a gefe kafin a fara zubi. Idan ruwan ya riga ya sauka, a bari ya tsaya, a janye wanda ya kwanta da tiyo ko katako a hankali, kada a cuɗa shi cikin kankaren da cokali. A ƙasashe masu tsananin sanyi matsalar juyewa take yi. Ƙasa da digiri 5 kamawar tana rarrafe, in kuma ruwan cikin ya daskare kafin kankaren ya yi ɗan ƙarfin farko (megafaskal 3.5 a ma'aunin ƙarfin kankare), zai iya rasa har rabin ƙarfinsa ba gyara. Can bargo mai riƙe zafi ake rufa masa, ba a tare ruwa a kai. Kankare mai kauri sosai, irin harsashin da ya kai mita ɗaya ko fiye, shi kuma zafin kansa ne ke cutar da shi: cikinsa na dafuwa, waje na hucewa, in bambancin ya wuce kusan digiri 20 sai ya tsage. Irin wannan rufe shi ake yi don wajen ya yi ɗumi, ba a sheƙa masa ruwan sanyi.

Daɓen da ke kwance a ƙasa, komai kyan ban-ruwa, zai tsuke idan ya bushe daga baya, don haka ana zaɓa masa inda zai tsage. Ana yanka layi zurfin kashi ɗaya cikin huɗu na kaurinsa, cikin awa 6 zuwa 18 da zubawa, da tazarar da ba ta wuce ninki 24 zuwa 36 na kaurin ba. Daɓe mai santimita 10 ke nan kusan kowace mita uku. Wannan bai shafi dekin bene ba, shi ba a yanka shi.

Ruwan ban-ruwa ya zama mai tsabta, wanda ba gishiri ko mai a cikinsa. Ruwan teku da na rijiya mai zartsi ba sa zuwa kusa da kankare mai rodi. Masu aikin kuma su sa takalmin roba da safar hannu, domin ɗanyen siminti yana ƙona fata a hankali ba tare da mutum ya ji ba sai ya yi rauni.

Dekinka kuwa, tunda kwana biyu ne kawai, yau ɗin nan a tare masa ruwa, da yamma in ya huce, a ci gaba har kwana 10 zuwa 14. Ban-ruwan da ya makara ba ya dawo da duk abin da aka rasa, amma simintin da bai gama ciyuwa ba yana ci gaba da aiki in ya samu ruwa, kuma siraran tsagu da yawa suna toshe kansu a cikin danshi. Kafinta ya haƙura da matokaransa. Ruwan da ka tare zai kuma yi maka gwaji kyauta: ka shiga ƙasa ka duba ko yana ɗiga ko danshi ya bi wani layi, wanda ke nuna tsagar ta ratsa. Ka sa alamar fensir a ƙarshen kowace tsaga ka rubuta kwanan wata, ka ga ko tana ƙara tsawo. Wadda faɗinta bai kai milimita 0.3 ba, ba ta ratsa ba, ba ta kuma ƙaruwa, ana cike ta da ruwan siminti mai kauri a goge da burushi, ko da siririn gam na ifoksi bayan dekin ya bushe. Wadda ke bin layin rodi, ko ta ratsa, ko ta fito a saitin bim da kan ginshiƙi, ko ta zo tare da lotsawar deki, injiniyan gini ya gan ta da idonsa kafin a ɗora ko bulo ɗaya.

Bayan mako biyu ka karci saman da ƙusa a wurare da dama. In ƙusar ta bar ɗan farin layi kawai, fatar ta kama; in tana tono gari, ta yi rauni, kuma za a buƙaci a kankare ta ko a shafa mata sinadarin ƙarfafa daɓe kafin a sa tayil. Tabbacin ƙarfi na gaske dai sai da awo. A zubi na gaba ka sa a ɗebi kwaɓin a cika 'yan akwatuna masu milimita 150 kowane gefe, a murƙushe dunƙulen kankaren da suka fito daga ciki a ɗakin gwaji a kwana 7 da 28. Waɗanda aka jiƙa a tanki ingancin kwaɓi kawai suke nunawa, don haka a ajiye wasu a kan dekin kansa, su sha irin ranar da ya sha da irin ruwan da ya samu, su ne za su faɗa maka ko lokacin cire matokarai ya yi. Ga wanda aka riga aka zuba ba a ɗebi samfur ba, injiniya zai iya bin sa da gudumar gwaji ta Schmidt, wadda ake bugawa a jikin kankare ta kimanta ƙarfinsa, in sakamakon ya sa shakka a huda a ciro ɗan gunduwa a kai ɗakin gwaji.